Ruwan Randar da Ya Cinye Mini Fijo

Ranar Talatar da ta wuce ina dawowa daga sallar azahar na tarar da ɗan maƙwabcinmu ya ɗaga bonet ɗin tsohuwar Peugeot 504 da ya gada wurin kakansa. Tururi na tashi kamar an buɗe madambaci. Hannunsa na dama riƙe da ledar fiya wata mai raɓa, yanzun nan aka ciro ta daga firji, na hagu kuwa waya ce, yana ɗaukar motar hoto. Ya cusa wayar a aljihu, ya miƙa hannu zai murɗe murfin lagireto. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba.

"Kai! Janye hannunka, ajiye ruwan nan!"

Ya juyo a firgice, ya rusuna ya ce, "Baba, zafi ta yi, sanyaya ta zan yi."

Abin da na faɗa wa kaina ke nan kusan shekara talatin da suka wuce, a bakin titi tsakanin Gusau da Talatar Mafara.

Tawa 504 ɗin fara ce, haɗin Kaduna, na saye ta hannu na biyu wurin wani ma'aikaci da ya yi ritaya. Yaran yanzu ba su san darajar motar nan ba. Faransawa suka fito da ita a 1968, masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta haɗa ta har 2006, bayan su masu ita sun daɗe da wuce wurin. Mota ce mai haƙurin jaki. Haƙurin nata ne ma ya sa na raina ta.

A layin mai na zamanin Abacha na fara cutar ta. Na buɗe lagireto na ƙara ruwa, layi ya motsa, na tashi mota na bar murfin a kan katangar gidan man. Sai na dunƙule tsumma da leda na toshe bakin, na yi wata biyu a haka, daga baya na sayi wani murfi na gwanjo wanda robarsa ta riga ta bushe. A ganina murfi murfi ne, hana ruwa zuba kawai yake yi. Ashe shi ke matse ruwan. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma in murfi mai lafiya ya riƙe shi sai ya doshi 120 bai tafasa ba. Wannan 'yar tazarar ita ke raba mota da tururi a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ke haura 40. Ni kuwa na yar da ita saboda kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba.

Sai ruwa. Rijiyar gidanmu zartsi ne da ita, ko sabulu ba ya kumfa sosai, kuma ita nake ɗura wa motar kullum. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin butar shayin da ta daɗe a kan wuta ya ga farin ɓawon da ke manne mata. Shi ne ya yi ta taruwa cikin 'yan siraran bututun lagireto har rabinsu suka toshe, tsatsa kuma na cin injin ta ciki. Da ta fara yoyo sai wani direban tasha ya ce in zuba mata garin kwaki, zai kumbura ya liƙe hujin. Na zuba. Yoyon ya tsaya kuwa, tare da sauran bututun da suka rage.

A nan fa zan ɗan kare kaina. Kowa haka yake yi a lokacin. Wa ke sayen ruwan kulant, wato ruwan musamman na sanyaya inji, da albashin da ba ya kai tsakiyar wata? Bakaniken da ya cire mini tamostat, ɗan abin nan da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗau zafi, shi ma bai shawarce ni ba, sai da ya gama ya nuna mini ita a tafin hannunsa ya ce, "Yallaɓai, wannan ta ƙasar masu ƙanƙara ce," ya cilla ta cikin tulin ƙarafa. Mutum mai furfura, almajiransa sun fi goma, ni wa zan yi masa musu? To amma littafin motar na nan cikin aljihun gaba tun ranar da na saye ta, ban taɓa buɗe shi ba sai in zan ajiye rasit a tsakiyarsa. Wannan kam ba laifin Abacha ba ne.

Ranar da abin ya faru ɗaurin auren abokina za mu Sakkwato, bayan Juma'a za a ɗaura. Mu biyar manya, but cike da huhun goro da kaya. Muna barin Gusau allurar zafi ta fara hawa. Na gan ta sarai. Na ce bari mu ƙara gaba kaɗan, ai iska za ta sanyaya ta. Ta kai ja, na ƙara taka totur. Can sai na ga ta sauko da kanta, har na ce alhamdu lillahi a fili. Ban san cewa ruwan ne ya ƙare ba, abin da ke auna zafin ya rasa ruwan da zai auna. Sai wani wari kamar an ƙona fenti, injin ya fara ƙwanƙwasa, ƙarfi ya tafi. Na gangara gefe kusa da wani ƙauye.

Wata dattijuwa, Allah ya saka mata da alheri, ta aiko jikanta da bokiti cike da ruwan randa, mai sanyi har yana kama haƙori. Mun sha, sannan na tuttula sauran cikin lagireto, injin a kashe, ban jira ko minti biyar ba. Na ji wani ƙas, irin ƙarar tukunyar ƙasa in ta tsage a murhu. Gangar injin 504 ƙarfe ce, top silinda kuwa, wato murfin saman injin, alminiyom ne, wanda zafi ke buɗa shi kusan ninki biyu na ƙarfe. Ya riga ya yi zafin da ya wuce kima, na kwara masa sanyi lokaci guda, ya tsage. Da muka tura ta tashi, farin hayaƙi ya yi ta fita ta salansa, na zaro sandar baƙin mai na ga ya koma kamar shayi mai madara. Sai da aka jawo mu da igiya. An ɗaura aure muna ƙarƙashin wata bishiyar aduwa, goron ango na but ɗina. Ragunan da nake kiwo don layya su suka biya kuɗin top silinda da gasket.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, ku samarin da tsofaffin motoci suka fara burge ku. Da na duba, ba su kai haka ba.

In allura ta hau, tsaya. Duk inda za ka, tsaya ka kashe. Kada ka taɓa murfin sai ka iya riƙe tiyon saman lagireto da hannunka, rabin awa ko fiye, domin ruwan da ke ciki zai iya saɓule maka fatar fuska. In za ka ƙara ruwa, tashi injin ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, kuma ba na firji ba.

Sayi sabon murfi. Cire lagireto a kai wa masu wanki su buɗe shi su zura bututun ɗaya bayan ɗaya, sannan ka zuba kulant, ko don tsatsa. In babu hali, tari ruwan sama ka tace. Ƙurar hunturu da farar da ke maƙale a gabansa ka wanke su ta baya. Danna fanbel da yatsa, in ya lotsa da yawa a ɗaure shi. Waɗannan ba sa buƙatar data, shi ya sa ba kwa yi.

Tamostat kuwa, a mayar da ita. Ba ita ke kawo zafi ba sai in ta maƙale, kuma injin da ke yawo a sanyaye yana shan mai yana cin kansa. Ko da yake, gaskiya ɗaya ce, Fijon da na saya bayan waccan ta yi shekara tara a hannuna ba tamostat, ba ta taɓa tafasa ba. Duk da haka ka mayar. Ka ji maganar bakanikenka, ya fi ka sani. Amma ranar da ya ce a cire wani abin da masu motar suka saka, tambaye shi dalili har sai ya ji haushinka.

Yaron nan dai ya haƙura ya zauna jira, kansa a sunkuye kan waya, ledar ruwan ma shi ya shanye ta. Na leƙa ta taga na ga allurar zafin kwance a ƙasa, alhali injin na huci.

"Wannan fa?"

"Ai Baba tun Alhaji na da rai ba ta aiki."

Na ce gobe da mun idar da asuba ya fito mu kai ta wurin mai wayarin kafin rana ta ɗaga. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ko za mu bari sai wajen sha ɗaya?"