Mu biyu likita ta ce tana son gani

A Gombe idan aure ya kai shekara biyu ba a ga ciki ba, mace ake kallo. Gidan suna za ki je a miƙo miki jariri a ce "Allah ya kawo naki", da irin muryar da ake yi wa mai jinya sannu. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na yi hayaƙi iri-iri, kuma duk mai maganin da aka kai ni wurinta, daga Pantami har Jekadafari, abu ɗaya take faɗa, wai sanyi ne ya yi mini yawa. Babu wadda ta taɓa tambayar lafiyar maigidana. Ga shi ƙato lafiyayye, direban babbar mota, me za a tambaya?

Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke aikin jinya ce ta matsa mini na yanki kati a sashen mata. Likitar da na samu ta saurare ni tsaf, ta tambayi kwanakin al'adata, ko na taɓa ɓari, ko an taɓa yi mini tiyata. Sai ta ajiye biro ta ce, "Ina maigidan? Ba zan fara da ke kaɗai ba." Ta ce a wajensu idan ma'aurata suka shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba, lokacin bincike ya yi, idan kuwa macen ta haura shekara 35 to wata shida ma ya isa. Ta kuma ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar wannan matsala a rayuwarsa, kuma sau da yawa daga namiji ne, ko daga su biyun.

Shawo kansa ya fi duk wata allura wuya. Ba mugun mutum ba ne, amma a tunaninsa namijin da ke iya biya wa iyalinsa buƙata ba shi da abin dubawa. Yawancin mazanmu a nan suke tuntuɓe: ƙarfin kwanciya daban, ƙwayoyin da ke cikin maniyyi daban, kuma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Na ce masa, "Malam, ni an ce za a zura mini ruwa a mahaifa a ɗauki hoto. Kai kwalba kawai za a ba ka. Wanne ya fi sauƙi?" Bai amsa ba. Bayan sati guda, da ya dawo daga sallar asuba, sai ya ce in shirya.

Gwajin namiji yana da ƙa'idojinsa, kuma gara a san su tun daga gida. Sai an ƙaurace wa juna na kwana 2 zuwa 7. Ana ba da 'yar kwalba mai murfi, kuma dole ta isa ɗakin gwaji cikin awa guda, ba a rana ba, ba a sanyi ba. Da yake ya ƙi yarda a yi abin a asibiti, a gida muka yi, ya sa kwalbar a aljihun 'yar ciki, ya ɗora babbar riga a kai, ya hau ɗan acaɓa yana dafe da ƙirji kamar wanda ya ɗauko kuɗin mutane daga banki. Ni kuma aka ɗebi jinina a ranakun da aka tsara, aka yi mini sikanin, sannan bayan na yi wankan tsarki aka yi hoton nan da suke kira HSG don a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke. Yana da ciwo, irin murɗar mara mai tsanani, amma na 'yan mintuna ne. Wadda za ta je ta sha maganin rage zafi tukuna, ta kuma tafi da ƙunzugu.

Nawa duk suka fito lafiya. Nasa kuwa ƙwayoyin sun yi ƙasa sosai da miliyan 16 a kowace mililita da ake ɗauka a matsayin mafi ƙarancin adadi, kuma da yawa ba sa motsi da kyau. Aka maimaita, don ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, aka sake samun haka. Likitan maza ya tambaye shi ko ya taɓa yin hangum bayan ya balaga, ko ciwon sanyi, ko yana shan maganin ƙarfin maza. A nan na ji abin da ya ba ni mamaki: wasu magunguna da allurai masu sinadarin namiji da ake saya don ƙarin kuzari suna rage ƙwayoyin haihuwa ne. Da ya duba shi sai ya gano jijiyoyin marainansa na hagu sun kumbura, jini yana taruwa yana ɗumama wurin. Ga kuma zaman mota tun safe har dare a kan inji mai zafi.

Aka yi masa tiyata, ƙarama ce. Sai jira, domin jikin namiji yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya kammala sababbin ƙwayoyi. Duk mai maganin da ya ce miki mijinki zai warke cikin sati guda, kuɗinki yake so.

Wannan jiran ne ya fi gwada ni, ba don jikina ba. Mun san gaskiya mu biyu, amma a waje har yanzu ni ce juya. Hajiya, mahaifiyarsa, ta fara kawo zancen wata yarinya a Dukku, wai 'yar gidan masu yawan haihuwa. A gabana take faɗa, ba da mugunta ba, ita jika take so. Kalma ɗaya zan furta in wanke kaina, amma asirin miji ba abin da mace za ta baza a tsakar gida ba ne, kuma na san inda maganar za ta kai kafin magariba. Na ce masa, "Malam, ba zan faɗa wa kowa ba. Amma idan ka auro yarinyar mutane, ita ma laifin da ba nata ba za a ɗora mata." Shi da kansa ya je ya samu Hajiya, ya ce mata likita ya ce daga gare shi ne, kuma ana magani. Ban san yadda suka ƙare ba, ban kuma tambaya ba. Washegari ta aiko mini da kwaryar kindirmo da man shanu, zancen Dukku kuma bai sake tasowa ba.

Sakamakon ya ɗan gyaru, bai kai yadda ake so ba, sai aka ce a gwada wanke maniyyin a zura shi kai tsaye cikin mahaifa a lokacin da ƙwai zai fita. Nan aiki ya dawo kaina: ƙwayar Clomid mai sa ƙwai ya nuna, ta kwana biyar, da zafin jiki da saurin fushin da take kawowa, sai zuwa sikanin ana auna girman 'yar jakar da ƙwan ke ciki. Idan ta kai wajen milimita 18 sai a yi allurar da za ta sa ƙwan ya fita bayan kamar awa 36. Matar direba ta san abin da wannan ke nufi. Akwai ranar da aka yi mini allurar yana hanyar Bauchi da kaya, na kira shi ya wuce Alkaleri, ya bar wa abokin aikinsa motar ya biyo ta haya ya dawo. An yi komai a kan lokaci, amma bayan sati biyu jini ya zo. Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska, na ɗora tuwo. Sai daga baya na fahimci cewa ko da komai ya tafi daidai, wannan hanyar ta fi yawan rashin kamawa a kan kamawa, kuma ya kamata mutum ya tambayi likita wannan tun kafin ya biya.

Yanzu maganar IVF ake yi, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa. Ba sabon abu ba ne, tun 1978 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila, kuma ana yi a Asibitin Ƙasa na Abuja da wasu masu zaman kansu. Maigida bai yarda ba sai da ya tambayi malaminsa, aka ce masa ya halatta matuƙar ƙwan matarsa ne da maniyyinsa kuma igiyar aure tana nan. Na wani ne ba a yarda da shi ba. Kuɗin miliyoyin naira ne, ban da na mota da masauki, kuma babu likitan kirki da zai ba ki tabbacin za a dace a karon farko. Na shiga adashi, shi kuma ya sa filinsa na Tumfure a kasuwa. Likita ta ce mu sake gwada wankin kafin nan, don haka farkon al'ada mai zuwa zan koma a rubuta mini magani.