Kwalabe Uku Daga Rafuka Uku: Inda Na Kwana A Awon Ƙasa Da Ruwa A Mambila

Assalamu alaikum 'yan uwana masu wannan karambani na awon ƙasa da ruwa. Wata huɗu ke nan rabon da in kawo muku labari. Ban watsar ba, wani kuskure na tafka wanda ya cinye mini kusan rabin damina, kunya kuma ta hana ni magana sai da na gyara shi.

Ga waɗanda suka shigo daga baya: ina zaune ne a tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, wuri mai tsayin kimanin mita 1,600 daga teku, inda ruwan sama yakan kai milimita 1,800 a shekara. Na zaɓi ƙananan rafuka uku da nake iya zagayawa da ƙafa. Na farko daga cikin kurmi yake fitowa. Na biyu ya ratsa tudun kiwo, akwai mashayar shanu a kansa. Na uku ya bi ƙarƙashin gonakin masara da ke kan gangara. Kayan aikina ba su canja ba: bututun roba garai-garai mai tsawon mita ɗaya da na zana alamar baƙi da fari a gindinsa don auna gurɓacewar ruwa, gwangwanin da na cire wa gindi, kwalabe, takardar awon tsami, da littafi.

Kuskuren shi ne lokacin ɗiban ruwa. Daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuni ranar Asabar da safe nake fita, idan gari ya yi kyau, saboda wa ke son hawan tudu cikin santsi da sanyi? Duk ranar da na cika bututun, sai in hango alamar tar a rafuka ukun. Har na fara rubuta a littafi cewa bambancin bai taka kara ya karya ba. Wata rana ruwa ya kama ni a hanyar dawowa, na fake a wata bukka kusa da rafi na uku. Kafin ruwan ya ɗauke, rafin da na bari garau ya koma ja kamar an dama jan yumɓu. Na zuba a bututu, ko tsawon yatsa bai kai ba alamar ta ɓace. Na ruga rafin kurmi a jiƙe: ya ɗan ƙaru, ya yi kalar ruwan shayi mara ƙarfi saboda ruɓaɓɓen ganye, amma ana ganin tsakuwar ƙasansa. Ashe ƙasar da rafi ke kwashewa, mafi yawanta a cikin 'yan sa'o'in ruwan sama mai ƙarfi take tafiya. Wanda ya zo washegari, ya tarar an riga an share wurin.

Tun daga nan na sake tsari. Hadari na haɗowa nake ɗaukar kwalabe. Ku yi hattara dai, kada ku shiga rafi lokacin da yake cika, ku ɗaure kwalbar a bakin gora ku miƙa daga gefe. Nakan jera kwalaben a taga su kwana biyu. Ta gona tana ajiye jar laka mai kauri a gindi. Ta mashaya lakarta ba ta kai haka ba, amma ruwan ya fi daɗewa bai washe ba, kuma yana wari. Ta kurmi sai ɗan baƙin gari-gari.

Dalilin wannan bambanci gwangwani ne ya nuna mini shi, kuma wannan awon ya fi kowanne burge ni. Ana kafa gwangwanin a ƙasa ya shiga kamar santimita 7, a shimfiɗa leda a ciki, a zuba ruwa, a zare ledar a hankali, sannan a duba agogo. Idan faɗin bakinsa santimita 15 ne, ruwa mililita 440 ya yi daidai da ruwan sama na milimita 25. A yi sau biyu a wuri guda, na biyun ake rubutawa, don busasshiyar ƙasa da ƙishi take shan na farko. A cikin kurmi, kafin in gama gyara zama ruwan ya shige. Da na tona da hannu, ƙasar baƙa ce, tana rugurgujewa kamar dambu, ga tana, ga ramukan saiwoyi. A kan burtali kusa da mashaya kuwa na zauna har na gaji, ruwan na nan yana kallona. Kofato ya daddale ƙasar tamkar daɓe. Duk ruwan da ƙasa ta ƙi sha, gangara zai bi, kuma ba ya tafiya hannu rabbana.

Gonar ce ta ba ni mamaki. Ruwa yana shiga da sauri a kunyar da aka huɗa, har na ce to ina matsalar? Sai bayan wani ruwa mai ƙarfi na lura saman ƙasar ya yi ɓawo. Ɗigon ruwan ne ke dukan tsirarar ƙasa, ya farfasa dunƙulenta, garin ya toshe ƙofofin. Ga shi kunyoyin an ja su daga sama zuwa ƙasa, kowane kwarin kunya ya zama magudana. Abin ya fi muni a farkon damina. Zuwa Agusta, da masara da wake suka rufe, kwalbar gona ta yi sauƙi ƙwarai duk da ruwan ya fi yawa.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su so ba. A wannan tsauni, da an taɓo maganar lalacewar ƙasa sai kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa, manomi ya ce shanu, makiyayi ya ce gona. Kwalabena ba su goyi bayan kowa ba. Na auna wani tudun kiwo mai ciyawa a rufe, nesa da burtali, ya sha ruwa fiye da gonar da ta yi ɓawo. Na kuma ga gonar gwaza da aka lulluɓe da ciyawa, ruwan da ke fita daga gindinta fari ne. Abu biyu na ga suna maimaituwa: ko ƙasa a tsirara take lokacin ruwan farko, da ko an bar wa rafi kurminsa. Tudun da aka ƙone da rani yana shiga damina ba riga, toka da ƙasar sama su tafi tare.

Wani lissafi da ya hana ni barci: idan kaurin milimita 1 kawai ya zaizaye daga hekta guda, ƙasa ce mai cika rami mai tsawon mita 10, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinta ya haura tan 10. Ido ba zai gani ba. Kuma ita ce ƙasar da ke riƙe da taki. Abin da ya rage jar ƙasa ce mai tsami. Takardata ta awon tsami ta fi nuna wajen 5 a gonar, kuma yadda lambar ke sauka haka tsamin ke ƙaruwa. Ganyen shayin da ake nomawa a Kakara, nan kan tsaunin, yana son irin wannan tsami, masara kuwa wahala take sha, domin idan awon ya sauka ƙasa da 5.5 sinadarin alminiyom yana ƙona saiwa, sinadarin fosfaras kuma ƙasar ta riƙe shi ta hana shuka. Lakar da ta tafi kuma kogin Donga za ta faɗa, daga nan sai Binuwai.

Wani dattijo da ya saba ganina durƙushe da gwangwani ya ce mini, "Malam, kai kana aunawa, mu da can majimfa muke shukawa idan gona ta gaji." Gaskiyarsa. Mambilawa sun daɗe suna hutar da gona da wannan shuka, tana rufe ƙasa, tana ƙara mata ƙarfi kamar danginta wake. Na ce, "Baba, a samo mini iri." Ya yi alkawari bayan kaka.

Maganar itacen zaiti, wato eucalyptus, na ajiye ta tukuna. Mutane da yawa suna cewa tun da aka dasa shi a kan maɓuɓɓuga ruwa ya ja baya. Wannan awon rani ne, don haka na kafa sanda mai tsaga-tsaga a rafi biyu, zan riƙa karantawa daga Disamba zuwa Maris. Na kuma fara ɗaga duwatsun cikin rafi ina ƙirga 'yan ƙwarin da ke manne a ƙarƙashi, irin yadda masu bincike ke yi a wurare kamar dajin Ngel Nyaki da ke nan Mambila. A kurmi suna da yawa iri-iri, a ƙasan gona laka ta cike wuraren ɓuyansu.

Aikin da ke gabana yanzu: mai gonar masarar ya yarda in gwada a ɓangare guda. Na haɗa sanduna uku da igiya da dutse don fitar da layin da ya ratsa gangara daidai, za mu dasa ciyawar jema a kai, mu juya kunyoyi su bi layin. Ɗaya ɓangaren a bar shi yadda yake, kowanne da rami a gindinsa mai tare laka. Wanda ya taɓa dasa jema a wuri mai sanyi irin namu, ya gaya mini tazarar da ya bari tsakanin tushe da tushe, don ni taƙi guda nake shirin bari.