Shimfiɗa Fayiba a Wurin Fasa Dutse

Aikin da aka ba mu a wani wurin fasa dutse da ke wajen garin Katsina shi ne mu haɗa ofis da sikelin auna tifa da kyamarorin bakin rami. Nisan ya haura kilomita guda. Wayar intanet ta jan ƙarfe ba ta wuce mita 100 sai da na'ura a tsakani, kuma manyan injinan niƙa suna dagula saƙon da ke bin ta. Shi kuwa zaren fayiba gilashi ne, haske yake ɗauka, babu ruwansa da wutar injin.

Muka sayo mai sulken ƙarfe saboda gafiya, muka binne shi cikin bututu, inda tifa ke tsallakawa muka zuba kankare. Sulken nan dole a haɗa shi da ƙasa, in ba haka ba aradun damina ta bi ƙarfen har ɗakin na'urori.

Inda na fi shan wahala shi ne mahaɗa. Faɗin tsakiyar zaren da hasken ke bi maikuron 9 ne kacal (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), silin gashi ya ninka shi sau da yawa. Ƙwayar ƙura ɗaya a bakinsa ta isa ta dushe hasken. To ga garin dutse yana tashi yini guda, ga hazon hunturu. Sai muka mayar da motarmu ɗakin aiki: mu rufe gilasai, mu goge kowane baki da sifirit, sannan injin ya narka zaren biyu su zama ɗaya. Bakin da ba a kai gare shi ba, murfinsa na kansa. Yaran da nake koya wa aiki, a nan kaɗai ba na yi musu sassauci.

Manajan wurin ya ga kuɗin akwatunan na'urar da ke rarraba saƙon intanet, ya ce, "Injiniya, ai ga masu araha a kasuwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗancan fanka gare su, ƙura za su riƙa zuƙa." Ya yarda muka ɗauki rufaffu marasa fanka, masu jure zafin digiri 75, domin akwatin ƙarfe a ranar Afrilu tanderu ne.

Layin ma zobe muka yi shi, hanya biyu. Ranar da katafila ta tsinke ɗaya, saƙo ya bi ɗayan, sikeli bai tsaya ba har muka zo muka haɗa.