Ƙanƙarata da farantan Gorou Banda

Firigo biyu gare ni a zaure, da su nake ciyar da 'ya'yana. Ƙanƙara nake ƙullawa a leda, da zoɓo da lemun tsamiya, yara su kai bakin titi. Wanda ya san zafin Yamai a watan Afrilu ya san akwai ciniki a nan. Sai dai sana'ar gaba ɗaya a hannun kuran take, wato wutar lantarki. In ya ɗauke ya wuni bai dawo ba, jarina ya koma ruwa, har sai na sa tsumma na goge shi a ƙasa.

Shi ya sa ranar 5 ga Yulin 2023, da na ga shugaba Bazoum da Josep Borrell na Tarayyar Turai a talabijin suna buɗe tashar wutar hasken rana ta Gorou Banda, can hayin kogi, na ajiye abin da nake yi na kasa kunne. Megawat 30, farantai fiye da dubu 55 a shimfiɗe kan hekta 27, an kashe kusan miliyar 20 na sefa. Aka ce cikin Agusta wutar za ta fara shigowa gari. Har na soma lissafin firigo na uku.

Sati uku tsakani sojoji suka karɓi mulki, ranar 26 ga watan Yulin. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, Najeriya ta katse layin da ke zuwa mana ta Birnin Kebbi, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can yake fitowa. Wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, an sha wannan gardamar a kowace fada ta masu shayi, ba sai na ƙara tawa ba. Ni dai firigo ɗaya na kashe, ya zama wurin ajiyar tukwane. Yawancin ƙwararrun waje da ke aikin tashar suka tattara suka tafi. Farantai na can suna shan rana a banza, mu muna nan muna fifita da mafici.

A cikin kwanakin nan ne ƙanen mijina, mai aikin haɗa wuta a gidaje, ya same ni ina mita, ina cewa Turawa sun ba mu kyauta sun gudu da makullinta. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Matar yaya, wa ya ce miki kyauta ce? Ai yawancinta bashi ne. Ni da ke za mu biya."

Ashe gaskiyarsa. Kaso mafi tsoka, miliyar 15 da rabi, rance ne daga hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD. Abin da Tarayyar Turai ta bayar kyauta bai kai miliyar huɗu ba, Nijar ta cika sauran. Ban ce rancen laifi ba ne. Nima da kuɗin adashe na sayi firigona na farko, kuma wanda ya ranta maka lokacin da ba ka da shi ya yi maka rana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kalmar "taimako" ke sa mutum ya riƙa kallon abinsa kamar kayan aro, yana tsoron taɓawa. Tun ranar na daina cewa tashar Turawa.

A watan Nuwamba Nigelec, kamfanin wutar lantarki na ƙasa, ta sanar an kunna ta, da hannun ma'aikatan da suka rage a Yamai. Ofishin jakadancin Faransa ya yi gargaɗin cewa ba a kammala aikin yadda aka tsara ba. Ƙila suna da hujjarsu, ban san kan waya ba. A zaurena dai na ga bambanci: wutar rana tsaka ta fara zama, daidai lokacin da ƙanƙara ke buƙatarta. Ƙanen mijin nan nawa kuwa ya riƙa yawo da ƙirji a buɗe kamar shi ya murɗa makunnin. Cewa yake da a ce tun farko an ware wani abu daga miliyoyin nan an horar da yaranmu sosai, da watanni ukun nan ba su tafi a banza ba. A nan kam na bi bayansa.

Kada in cika baki. Rana na faɗuwa farantai sun tashi daga aiki, a koma kan injinan gazuwal, irin na tsohuwar tashar da tsohon shugaba Issoufou ya buɗe a Gorou Banda ɗin a 2017. Megawat 30 kuma ba ya ɗaukar Yamai. Da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, wutar Najeriya ta dawo cikin Maris, har guɗa aka yi a unguwarmu.

Firigo na uku dai ban saya ba. Kuɗin na tara, na aiki ƙanen mijina ya sayo faranti biyu da batir, ya hau rufin kwano ya kafa mini. Kowace Juma'a ɗana na fari ke hawa da bokiti da tsumma, don ƙurar hunturu in ta kwanta a kansu sai wutar ta ragu.