Abin da gonar alkamar Van Gogh ta koya mini a fadamar Argungu

Shekara biyu na yi ina zana fadamar Argungu, kuma duk wanda ya ga aikin sai ya yaba da tsaftarsa, amma ni na san gonakin shinkafar da nake fitarwa a sandare suke, babu iska babu motsi. Wannan ne ya sa na buga hoton zanen da Vincent van Gogh ya yi a Faransa cikin watan Yulin 1890, na gonar alkama da hankaki ke shawagi a samanta, wanda yanzu yake gidan adana ayyukansa a Amstadam, na kafe shi a bangon ɗakina.

Sau huɗu na kwaikwaye shi, ban kuma ji kunya ba, domin Van Gogh shi kansa ya zauna yana kwaikwayon ayyukan Millet, wani mai zane Bafaranshe da ya gabace shi, lokacin da yake jinya a asibitin garin Saint-Rémy. Sai a karo na uku na lura cewa mutumin nan ko zangarniya ɗaya bai tsaya zanawa ba. Fenti mai kauri yake ɗorawa da buroshi, gajere-gajere, kowane shafi ya karkata inda iska ta nufa, kuma ba ya bi ta kansa ya daidaita shi. Ya ajiye ruwan ɗorawa dab da shuɗi mai duhu, sai kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa kaifi. Ni kuwa da can gauraya launuka nake yi har su mutu.

Da kaka ta yi, na ɗauki kayana na nufi bakin fadama. Hannuna ya saki, shinkafar ta soma kaɗawa a kan ƙyallen da nake zane a kai, har na fara jin kaina. Wani dattijo da ke komawa gida da laujensa ya tsaya a bayana, can ya ce, "Ɗana, gonar tamu ce, amma wannan sararin na wane gari ne?" Gaskiya ya faɗa, don shuɗin Turai na kwaso, alhali hazo ya riga ya sauko, sama ta yi fari-fari kamar toka.

Washegari na haɗa farin fenti da ɗan jan ƙasa na sake saman, na cire hankakin na sa garken jan-baki, tsuntsayen da manomin shinkafa ke kwana da fargabarsu. Hazon ne har yanzu yake ba ni wahala, domin da zarar na yi masa kauri sai ya koma kamar bangon laka.