Obin yana kashe kansa ana cikin gashi? Duba fankar sanyaya kafin a sayi komai

Obin na lantarki irin wanda ake sakawa cikin kabad ɗin kicin yawanci yana da fanka biyu, kuma mutane da yawa ɗaya suka sani. Wadda ake hangowa a bangon baya idan an buɗe ƙofa ita ce mai juya iska mai zafi don abinci ya gasu ko'ina. Ta biyun tana sama, a wajen ɗakin gashin, ba a ganinta sai an zaro obin ɗin an cire murfinsa. Aikinta ta ja iska ta bi kan allon lantarki da bayan maɓallai da tsakanin gilasan ƙofa, ta fitar da ita ta siririyar kafar da ke saman ƙofar. Mafi yawa doguwa ce kamar ganga, da ƙaramin moto na wat 20 zuwa 30 a gefe.

Idan ta tsaya, maɓallai sukan yi zafin da ba a iya taɓawa, gilashin ƙofa ma haka, fentin kabad ya fara ɓarewa. Bayan kamar minti 20 ko 30 sai obin ya ɗauke gaba ɗaya, in ya huce ya dawo da kansa. Wannan ɗaukewar aikin wani ɗan makashi ne na kariya da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Wasu masu gyara kan haɗe wayoyinsa biyu su ce an gama. Kada a yarda. Shi lafiyarsa lau, kuma cire shi na iya ƙona allo ko ya ta da gobara a katakon kabad.

Amma fankar da ta ci gaba da juyawa minti 15 zuwa 30 bayan an kashe obin ba ta lalace ba, haka aka yi ta.

Gwajin farko ba ya buƙatar sukudireba. A kunna obin a digiri 200, a jira minti 15, a kai hannu kusa da kafar saman ƙofa. Ya kamata a ji iska mai ɗumi tana hurowa. In shiru, sai a kashe wuta daga babban makashi, ba daga maɓallin obin kawai ba, a bar shi ya huce. Sukurori biyu ko huɗu ne ke riƙe shi a jikin kabad, ana ganinsu da zarar an buɗe ƙofa. Nauyinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40, don haka mutum biyu za su zaro shi su ɗora a kan teburi, a kula da wayar baya. A ɗauki hoton wayoyi kafin a cire ko ɗaya.

A juya gangar da yatsa. Mai lafiya takan ci gaba da juyawa kaɗan bayan an sake ta. In ta yi tauri ko tana gurnani, bushin, wato zoben da sandar moto ke juyawa a cikinsa, ya bushe ko ya daskare da maiƙo. A nan arewa wannan ya fi yawa, domin ƙurar hunturu tana haɗuwa da tururin man suya ta zama danƙo, ga shi irin wannan moton ba shi da ƙarfin tashi, balle idan an kawo wuta mai rauni ƙasa da bolt 200. A goge fukafukan da burushi, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu a kowane bushin. Ban da man gyaɗa, yana ƙara daskarewa. Idan sandar tana lilo sama da ƙasa, bushin ya cinye, mai ba zai yi magani ba.

In tana juyawa sumul, a cire wayoyin moton biyu a auna kwayil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jikin moton, da mitar auna lantarki. Yawanci ana samun om 100 zuwa 300. Mita ta nuna a buɗe yake, wato hanyar wutar ta yanke, to kwayil ya ƙone, sai sabuwar fanka.

Kwayil lafiya, ganga lafiya, amma ba ta tashi? To wuta ce ba ta isowa. A obin da yawa, wani ɗan tamostat (makunnin da zafi ke sarrafawa) mai faɗin kwabo da aka ɗaure a saman ɗakin gashi ne ke kunna ta idan wurin ya kai kimanin digiri 60 zuwa 70. A sanyi ya kamata mita ta nuna shi a buɗe. A hura masa na'urar busar da gashin kai, za a ji ɗan ƙas, mita ta nuna ya haɗe. In bai haɗe ba, shi ne mai laifin, kuma kuɗinsa bai kai na fanka ba. Wanda ya maƙale a haɗe shi ke sa fanka ta kwana tana juyawa obin a sanyi. A obin masu allon lambobi, rile ne, wato ɗan makunnin da allon ke sarrafawa, ke wannan aikin. Auna bolt 230 a bakin moto da wuta a kunne aikin mai gyaran lantarki ne. Yayin da murfi ke buɗe a duba kashin kyankyasai a kan allon da bakin wayoyin da suka yi baƙi ko suka saki.

Wani lokacin kuma komai na aiki, kafinta ne ya rufe bayan kabad ruf, fanka tana ta juya iska mai zafi. Littafin obin yana faɗin girman kafar da za a bari a baya da ƙasa, a bi shi.

Wajen sayen sabuwa, a kwafi lambar samfurin daga takardar da ke manne a bakin ƙofa, a tafi da tsohuwar kasuwa don a gwada tsawon ganga da gefen da moton yake. Idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, fankar ta tsaya alhali obin na da zafi, sai a fitar da abincin, a bar obin ya huce.