Abin da mawaƙan bulus suka faɗa wa masu mulki

Da yawa daga cikin masu sauraron kiɗan bulus (blues) a nan Maraɗi sun ɗauke shi kukan soyayya da kewa kawai, alhali kuwa a ganina babban aikinsa shi ne adana labarin da jaridun masu mulki suka ƙi bugawa. Kiɗan ya taso ne a jihohin kudu na ƙasar Amurka, a bakin jikokin bayin da aka ƴanta a 1865, waɗanda suka ci gaba da noman auduga a gonakin Turawa, bashi yana cinye rabonsu kowace kaka.

A 1927 kogin Misisipi ya yi ambaliya, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. A garin Greenville an kwashe Turawa a jiragen ruwa, baƙar fata kuwa aka tsare su a kan ganuwar kogin, sojoji na gadinsu da bindiga, ana tilasta musu dakon kayan agaji, domin masu gonaki suna tsoron idan suka tafi ba za a samu ƴan ƙwadago ba. Shekara biyu bayan haka Charley Patton ya rera waƙar wannan ruwa, yana jera sunayen garuruwan da suka nutse, ya kuma ce yana son hawa tudu amma an tare masa hanya. Duk Bamaraɗen da ya ji daga bakin kakanninsa yadda Gulbi ya ci tsohon gari a 1945 har aka koma kan tudu zai fahimci nauyin wannan magana: ruwa yana biye da mutum, kuma ɗan Adam ne ya hana shi tsira.

Patton da habaici ya yi magana, irin wanda marokanmu suka ƙware a kai, saboda fitowa fili tana da tsada. Kamfanin faifai na Columbia ya ƙi ɗaukar waƙar Billie Holiday kan rataye baƙar fata a bishiyoyi, sai wani ƙaramin kamfani, Commodore, ya ɗauka a 1939. J. B. Lenoir ya ambaci sunan Shugaba Eisenhower a 1954 yana kukan haraji da rashin aiki, aka sa ya sake ɗaukar waƙar ba sunan. Big Bill Broonzy kuwa, da kamfanonin ƙasarsa suka juya wa waƙarsa ta wariyar launin fata baya, sai da ya ƙetare teku zuwa Faransa a 1951 kafin ta shiga faifai.